Mai Kuka a Rumbun Baba

Ba zan taɓa mantawa da safiyar ɗaurin aurena ba, kuma ko na yi niyyar mantawa mutanen ƙauyenmu ba za su bar ni ba. Har yau in na wuce majalisar bakin masallaci sai wani ya yi gyaran murya ya ce, "Ango, ya rumbu?" 'Yata har ta fara tafiya yanzu, amma a wurinsu ni ne dai ango, kuma rumbun ake tambaya.

Kafin in kai ku rumbun, bari in gabatar muku da wanda ya jefa ni ciki. Sunansa Mai Fitila. Ba mutum ba ne, wasan gem ne, irin wanda ake haɗawa da talabijin. Yana da dogon suna na Turanci wanda ba mai iya faɗa a cikinmu, sai muka raɗa masa namu. Labarin ba shi da yawa: wani bawan Allah ne ƙaninsa ya ɓace a cikin tsohon ramin haƙar ma'adinai, shi kuma ya ɗauki fitila ya bi sawunsa. A ƙarƙashin ƙasar akwai wata mata mai kuka. In ka jiyo kukanta daga nesa, ka nemi wurin ɓuya. In ka ji shi a kusa, to an gama da kai. (Shekara ashirin da ɗoriya ana fitar da sabon kashi, har an kai na shida, kuma har yau ba a ga ƙanin nan ba. Da ni ne, da tuni na yi masa sadakar uku na koma gida.)

Kashi na ɗaya ina aji huɗu na firamare na gan shi, a Ɗambatta, ranar kasuwa, a shagon wani mai gyaran rediyo da ya haɗa talabijin da batirin mota. Kaset ake sokawa a saman injin. In ya ƙi yi, a zare shi a hura masa iska da baki, a goga a riga, a mayar. Shi Mai Fitilan ɗan mitsitsi ne kamar ƙwayar wake, matar kuwa farin ɗigo ne kawai mai kukan sauro. Duk da haka sai da na yi kwana uku ban yarda na zaga bayan gida ni kaɗai ba.

Na biyu da na uku a faifai suka zo, lokacin ina sakandare a Dawakin Tofa. Injin wannan zamanin in ya tsufa sai an kifa shi kafin ya yarda ya karanta faifan, kuma a nan ne matar ta samu fuska, wadda da ma ba ta samu ba. Na huɗu da na biyar a Rijiyar Zaki na buga su, a shagon abokina Nura, sa'ad da nake karatu a birni. A nan abin riƙewar, wanda muke ce wa hannu, ya rabu da waya, kuma ya koyi karkarwa in matar ta matso. Ranar farko da ya motsa a tafina jifa na yi da shi na fice waje ba takalmi. Gara in faɗa da bakina tun yanzu: ni matsoraci ne na bugawa a jarida. Abin da ya sa matsoraci yake bin wasan tsoro shekara da shekaru, wannan kuma ban da amsa.

Injina sun canza, hoto ya canza, amma abu ɗaya suka bari yadda yake tun zamanin kaset. Duk sa'ad da matar ta kama ka, ƙararrawa za ta buga sau uku, tin, tin, tan, sai ɗan guntun fito ya biyo baya. Akwai kuma abu na biyu da ni na ɗauka ba zai taɓa canzawa ba: in ka danna ka kashe inji, to ya mutu. Wannan na biyun shi ya kai ni ya baro.

Babanmu shi ne limamin ƙauyenmu, yana koyar da karatu, yana kuma noma. Ba ya faɗa, ba ya ɗaga murya, kuma shirun nan nasa muka fi tsoro a kan bulalar kowa. Ɗakina bango ɗaya ne da turakarsa. Duk hutu sai na aro inji da ƙaramar talabijin na shigo da su a ɓoye, in rage murya can ƙasa, ina ganin na gama wayo. Da maganar aurena da Rabi ta taso, ya kira ni zaure ya ce, "Wasan talabijin ɗin nan, ka daina? Don ba na karɓo wa yaro 'yar mutane." Na ce na daina, har da dafa ƙirji. Kuma a lokacin gaskiya na faɗa, don na yi wata uku ban taɓa ba.

Shekarar kuwa ba sai na tuna wa kowa ita ba. Taki ya gagari talaka, ruwa ya ɗauke gero yana tsaka da fidda kai, farashin kwano na safe daban na yamma daban. Gidaje da yawa sau ɗaya ake ɗora tukunya. Rumbu uku gare mu a bayan gida, ɗaya ne kawai ya ga hatsi, wani rumbun zana mai jinka da aka ɗora a kan duwatsu. Shi ne abincin mutum goma sha huɗu har kaka, kuma ba mai buɗe shi sai da izinin Baba. Bikin ma an rage shi, ba kiɗa ba taro, ɗaurin aure ne kawai da fura ga baƙi. A shekarar ne kuma wahala ta sa aka sare tsohuwar tsamiyar bayan gari aka ƙona gawayi. Tun ranar Gwaggo Tabawa, yayar Baba, take bin gida gida tana cewa, "Kun rushe wa masu wuri gidansu. Ku jira, za su nemi masauki."

Ranar Alhamis, saura kwana biyu, sai ga Nura daga birni da wata 'yar jaka. Ya zaro wani sabon inji da ban taɓa riƙe irinsa ba, faɗinsa bai wuce ƙaramin allo ba, ga gilashinsa a jikinsa, ga batirinsa a ciki, ba ruwansa da talabijin ko wutar lantarki. Ya ce, "Na shida ne a ciki. Ka ɗan ɗana kafin a ɗaure ka, ranar Asabar in na dawo na karɓa." Na ce masa ai na daina. (Ina faɗa hannuna yana karɓa.) Na toshe kunnuwana da iyafis don kada ƙarar ta fita, na buga har na kai bakin wata ƙofar ƙarfe, na kasa shiga, na tsaya a nan. Ban kai ga matar ba tukuna.

Washegari da safe 'yan jere suka iso, gwaggonnin Rabi da ƙannen uwarta, irin matan da in suka shiga ɗaki har ƙarƙashin tabarma sai sun leƙa. Na zare iyafis na cusa a aljihu, na danna maɓallin sau ɗaya, gilashin ya yi baƙi. Ya mutu ke nan. Na saka shi cikin riga, na zaga baya, na ɗaga jinkar rumbu na tura shi tsakanin dammunan gero. Na sauko ina yaba wa kaina, don a duk faɗin gidan nan ne kaɗai wurin da ba mai sa hannu.

Ranar Asabar da sassafe Inna ta nemi izinin Baba aka zaro dami biyu na furar baƙi. Daga baya na gane cewa a nan ne sauran dammunan suka zame suka kwanta a kan maɓallan injin. Da hantsi na sha farar shadda da babbar riga, maza sun fara cika ƙofar gida ana jiran ƙarfe sha ɗaya, sai aka ce Gwaggo Tabawa tana nemana a ciki ta sa min albarka. Na bi ta baya don kada mata su tsare ni da tsokana.

Daidai gindin rumbun na ji numfashi.

Na tsaya cak. Numfashi ne mai nauyi, a hankali, kamar na wanda ya daɗe a kwance ba lafiya. Sai wani abu ya yi kirrr a cikin busasshen kara, ya tsaya, ya sake yi. Daga nan kuka ya fara, kukan mace babba, can ƙasa-ƙasa, tana ja tana shessheƙa, kuma yana matsowa. Wallahi ko kusa injin bai faɗo min a rai ba. Da hannuna na kashe shi, kuma ni kukan da na sani irin na tsofaffin injina ne, ban san a na shida muryar mutum ta gaske suka sa ba. Abin da ya faɗo min kawai shi ne tsamiya.

Na kwarma ihu, "Innalillahi! Jama'a, sun shigo! Aljanu a rumbu!" Na zuba a guje, hannun babbar riga ya harɗe ni, na faɗa tsakiyar ƙoren furar mata, takalmi ɗaya ya yi nasa wuri. Ku lura da kyau, don wannan ne ya fi min ciwo har gobe: ba wanda ya ji kukan nan kafin ni. Ni da bakina na tara wa kaina jama'a.

Kafin ka ce me, bayan gida ya cika. Mata sun fito, maza sun shigo daga masallaci, an yi da'ira nesa da rumbun. A gaba akwai Alhaji Mudi, baffan Rabi, wanda shi ne waliyyinta. Rumbu ya yi tsit. Alhaji ya dube ni ya yi murmushi ya ce, "Ango, ko dai firgicin aure ne?" Bai rufe baki ba numfashin ya dawo, kara ya yi kirrr, kukan ya tashi. Ban ga lokacin da Alhaji ya koma bayan turmi ba.

Gwaggo Tabawa ta tafa hannu ta ce, "Ai na faɗa! Mutanen tsamiya ne. Ga uwar gidansu nan tana kukan muhallinta."

Sai Baba ya iso, aka dare masa. Ya tsaya taku biyar daga rumbun ya fara karanta Ayatul Kursiyyu. Kukan ya yi sama, ya koma kururuwa, wani namiji ya yi ƙara a ciki, mata suka watse suna salati. Ni ina maƙale a bayan wani maƙwabcinmu, na riƙe rigarsa tamau. Sai komai ya ɗauke. A cikin shirun nan ƙararrawa ta buga.

Tin, tin, tan. Sai ɗan fito.

Jama'a, ban san yadda zan kwatanta muku ba. Tsoron aljanu ya fice daga jikina lokaci guda, wanda ya fi shi ya shigo ya zauna. Na dubi Baba, na dubi Alhaji Mudi, na tuna hannun da na dafa a ƙirji. A raina na ce, ya Allah, da ma aljanun gaske ne. Na fara addu'ar batirin ya mutu, sai na tuna Nura yana min alfahari cewa yana awanni bai nuna gajiya ba. Damin da ya danne maɓallin kuma ya sake tayar da Mai Fitila a bakin ƙofar nan, numfashin ya dawo daga farko.

Gwaggo ta ce, "Liman, hatsin da suka zauna a kai ba ya ciyuwa. A cinna masa wuta kawai, a huta."

Alhaji Mudi ya leƙo daga bayan turmi ya ce, "A'a, ba sai an ƙona ba. Hayaƙi za a yi musu. A kawo barkono da tazargade a tura ƙarƙashi, da kansu za su tashi."

Maƙwabcin da na riƙe wa riga ya ce, "Alhaji, bazara ce fa. Zanar nan ta bushe ƙayau, ko tartsatsi ta gani ta tafi."

Alhaji ya dubi Baba ya ce, "To a bar su su hayayyafa a ciki? Ni dai Malam, ba zan ba da 'ya ana kuka a bayan gida ba."

Ina tsaye aka kwaso karmami aka cusa tsakanin duwatsun da rumbun yake kai. Ina tsaye aka zuba barkono. Duk wanda yake wurin manomi ne, kowa ya san abin da zai biyo baya in wuta ta taɓa wurin nan, amma tsoro ya rufe wa kowa ido. Ni kaɗai na san ba komai a ciki sai gero da abin wasa, kuma ni ne na fi kowa shiru. (Ƙarya nake, ban yi shiru ba. Da aka ce "Allah ya sawwaƙe," har da ni a masu cewa amin.)

Inna tana tsaye a bakin madafa, ta cusa gefen mayafinta a baki. Ba ta saba magana cikin maza ba, amma ranar ta yi, a hankali. Ta ce, "Malam, abincinmu ne fa har kaka." Na ji ta sarai. Na sunkuyar da kai ina kallon ƙafata marar takalmi, ina ce wa kaina yanzu batirin zai mutu, yanzu zai mutu.

Baba ya ce, "A ba ni ashana. Rumbuna ne, ni zan kunna."

Aka miƙa masa. Ya tsuguna a gaban karmamin, ya yi bisimilla, ya ƙyasta. Ba ta kama ba. Ya daɗe a tsugune kafin ya sake ƙyastawa, nan ma ba ta kama ba. Na ɗauka hannunsa ne yake rawa, kuma ganin hannun Baba yana rawa ya fi kukan matar nan tayar min da hankali. Na ga Inna ta juya baya don kada ta gani. Ya ƙyasta ta uku, ya buɗe kwalin zai zaro wata.

Na ce, "Baba, tsaya!" Muryar da ta fito ba tawa ba ce, ta ɗan akuya ce. "Baba, kada ka kunna. Abin da yake ciki nawa ne."

Gwaggo Tabawa ta dafe ƙirji ta ce, "Naka? Ita mai kukan taka ce? Innalillahi, ashe ɗan nan auren aljana gare shi!"

Alhaji Mudi ya ce, "Wato da mata a rumbu ka zo neman 'yarmu?"

Na taka dutse na ɗaga jinka na zura kai, babbar riga ta kife min a ka, ƙafafuna suna reto a waje a gaban surukaina. Na yi ta laluben dammuna cikin duhu har na taɓo shi. Ina ɗago shi ya yi karkarwa a hannuna, fuskar matar ta cika gilashin, ta yi kururuwa daidai hancina. Na san inji ne, na san ni na ajiye shi, amma sai da na sake kwarma ihu na faɗa ciki gaba ɗaya. Mutum biyu ne suka jawo ni ta ƙafa.

Na fito fari fat da ƙaiƙayi, hula ta ɓata, ina riƙe da abin yana kuka. Na danna, ya yi baƙi. Cikin kuskure yatsana ya sake taɓawa, ya farka ya ci gaba. Ana cikin haka sai ga Nura, saukarsa ke nan daga motar Kano, ya kutso ya karɓe shi ya ce, "Kai, dannewa ake yi a riƙe. In ka taɓa sau ɗaya barci kawai yake." Ya danne, kukan ya mutu.

Wata tsohuwa ce ta fara dariya, daga nan wuri ya kece. Har da masu zama a ƙasa. Alhaji Mudi, wanda ya fi kowa nisan gudu, shi ya fi kowa faɗa. Baba bai yi dariya ba, bai kuma dube ni ba. Ya miƙe ya kakkaɓe riga ya ce, "A kwashe karmamin nan. Lokaci ya yi, mu je masallaci." Haka aka ɗaura min aure ina susa, don duk wanda ya san ƙaiƙayin gero ya san ba ya jin rarrashi. A hotunan ranar babu ko ɗaya da hannuna ba ya cikin wuyan riga.

Bayan la'asar Baba ya aika a kira ni zaure. Na durƙusa nesa da shi ina jiran hukunci. Kwalin ashanar yana gabansa a kan buzu. Ya buɗe baki, da muryar nan da yake ja mana sallah, ya ce, "Tin, tin, tan."

Na ɗago kai.

Ya ce, "Shekara nawa ina jin ƙararrawar nan ta bango? Tana bugawa na san baƙuwar."

Na ce, "To Baba, ka sani, kuma ka ƙyasta ashana?"

Ya zaro ƙwaya ɗaya ya juya ta ya nuna min. "Gindinta nake gogawa, ba kan ba. Kana ganin zan ƙona abincin uwarka? So nake in ga wanne ya fi maka nauyi, kunyarka ko cikin mutanen gidan nan." Ya mayar da ita cikin kwali. "Na so a ce tun uwarka ta yi magana ka buɗe baki. Ka bar ni har ta uku."

Da mari ya yi min da ya fi min sauƙi. Na yi ta kuka a zaure da shaddar angonci, ina ba shi haƙuri ina susa. Da zan tashi ya ce, "Shi mai fitilar da nake ji kuna gardama a kansa, ya ga ƙanin nasa kuwa?" Na ce har yanzu dai. Ya ce, "To. Shi dai ko yana tsoro, shiga yake."

Geron nan ya kai mu kaka, da ƙyar, da haɗin rama da ƙuli a ƙarshe. Abin da na koya kuwa shi ne, ba duk abin da ya yi baƙi ya yi shiru ne ya mutu ba, wani barci yake: injin Nura, da halin da na ce na daina, da kunnen Baba ta bango. Ƙararrawa ukun nan ta daina ba ni tsoro tun ranar. Amma har yau in Rabi ta ƙyasta ashana a madafa ba ta kama ba, sai in ji na fara faɗa mata gaskiyar abin da ba ta ma tambaye ni ba.